Takabar da Bi Tumu Ta Hana

Bi Tumu ba ta iya riƙe magana ba, kuma ba ta taɓa yin kamar ta iya ba. Idan mace ta ja ta gefe ta ce, "Zan gaya miki wani abu, amma ya tsaya tsakaninmu," sai ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya nan, 'yar uwa. Kai wa wata. Ni cikina kwando ne." Duk da haka ana gaya mata. A garinsu Shimoni, can bakin teku, babu cikin da aka ɗauka, babu auren da ya fara tsami, babu kwalekwalen da aka sayar a ɓoye, da ba za a ji shi daga bakinta ba kafin ruwa ya janye ya dawo. Maza biyu sun sake ta a kan wannan hali. Na ukun ya mutu kafin ya gama shawara.

Ko nata sirrin ba ta bari. Rabin garin sun san kakanninsu ta kogon nan na bayan kasuwa suka biyo, inda ake tsare bayi a da, inda har yau zobban ƙarfe suke manne a jikin dutse, amma kowa idan ya tashi ba da tarihin gidansu sai ya jawo wani Balarabe ya ɗora a sama. Bi Tumu kuwa ko ba a tambaye ta ba cewa take, "Kakar uwata a ramin can aka ɗaure ta. Jirgin da zai kwashe su ne bai zo ba, shi ya sa kuke ganina." Sannan ta juya ga wadda ke kusa da ita ta ce, "Ke ma ai tare aka ɗaure su da taku."

Sirrin matattu kaɗai take riƙewa. Ita ce mai wankan gawar mata a garin, aikin da ta gada wurin goggonta, kuma ba a taɓa jin ta faɗi abin da ta gani a bayan labule ba. In an yi mata tsiya a kai, sai ta ce mai rai yana da bakin da zai ƙaryata ta, gawa ba ta da shi. Ita ce kuma ke shigar da mata takaba. Ta kwance wa mace kitso, ta zare mata awarwaro, ta rufe madubin ɗakin, ta ɗaura mata farin zane. Ranar fita kuma ta kai ta bakin teku da sassafe, ta wanke ta da ruwan gishiri, ta maido ta gida cikin kanga, zanen matan gaɓa mai launi.

Wannan aiki ba ya cika tukunya. Abin da ke ciyar da ita pweza ne, kifin nan mai hannu takwas da ke ɓuya a ramukan dutse. Idan ruwa ya janye ya bar fili mai faɗi yana ƙyalli har kusa da tsibirin Wasini, sai ta ɗauki tsinkenta ta fita. A can ne kawai bakinta yake hutawa. Takan tsuguna a gaban ƙaramin tafki, ta ga gajimare na tafiya a cikinsa, ta manta da abin da ya kawo ta. Tun tana yarinya ta sa wa ranta cewa ruwan da ya bar Shimoni ba ɓacewa yake yi ba, zuwa yake ya cika gaɓar wasu mutane a wata ƙasa, in ya gama da su ya dawo. An gaya mata a makarantar allo, an gaya mata a gidan miji, cewa ba haka ba ne. Ba ta sauya ba.

Kibwana, mijin Riziki, masunci ne kamar ubansa, har shekarar da kifi ya yi nisa. Wani dillali mai takalmi mai sheƙi ya zo daga Mombasa yana neman majiya ƙarfi da za su yi aiki a babban jirgin ƙarfe na baƙi. Kibwana ya bi shi, shi da Masudi, saurayi ɗan wata bazawara mai suyar mahamri, irin fankensu, a bakin kasuwa. Tun a tasha aka karɓe musu takardu, wai kada su jiƙe. Jirgin ba ya zuwa gaɓa. Wani jirgin ne ke isko shi a tsakiyar teku, ya kwashe kifin, ya bar musu shinkafa da mai, ya juya. Wannan duk daga baya aka sani. A lokacin, abin da aka sani kawai shi ne waya ta yi ƙara sau ɗaya ko biyu, muryar Kibwana tana zuwa tana yankewa, daga nan shiru.

Masunta suna da tasu ƙa'ida, wadda ta girmi kowa a garin. Iska biyu ke mulkin teku, kaskazi mai busowa daga arewa da kusi mai busowa daga kudu. Jirgin da kaskazi ta kora, kusi za ta maido shi. Mutumin da iskoki biyu suka juya bai dawo ba, teku ta ci shi, a yi masa addu'a, matarsa ta shiga takaba. Ƙa'ida ce da aka yi wa jirgin katako mai tafiya da iska, kuma ba ta taɓa yin ƙarya ba. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa jirgin ƙarfe ba ruwansa da iska. Dattawa sun ma ƙara wa Kibwana da Masudi wani zagayen don tausayi, sannan suka sa rana. Malam Fumo, limamin garin, ya san littafi ya ce a jira fiye da haka, amma a gidan masunta aka haife shi, bai musa ba.

Ana gobe za a yi, Bi Tumu ta je gidansu Kibwana ta duba farin zane ta nuna inda za a shimfiɗa tabarma. A bayan gida ta tarar da Saumu, matar Mshenga, yayan Kibwana, tana kankare kwakwar shinkafar sadaka, hawaye na ɗiga cikin kwano.

"Ke kuma fa? Mijin wata ya mutu, ke ce da kuka? Za ki sa wa mutane gishiri a abinci."

Saumu ta waiga hagu da dama. "Goggo, ki rantse ba za ki faɗa ba."

"Ba zan rantse ba. Garin nan cike yake da mata masu ɗinkakken baki, kika tsallake su kika zo wurina. So kike a ji. Faɗi."

Saumu ta faɗa. Kibwana bai mutu ba. Tun kafin azumi ya kira Mshenga. 'Yan fashin teku sun kama jirginsu, sun sauke su a wata busasshiyar gaɓa can arewa, suna tsare da su har sai mai jirgin ya fanshe su. Mai jirgin kuwa ya daina ɗaga waya. Mshenga ya garzaya Mombasa wurin dillali, dillalin ya zaunar da shi ya ba shi lemo mai sanyi, ya ce ana kan magana, amma in labari ya fita, 'yan fashin za su ga mutanen na da masu so, su ƙara riƙe su, ko su kashe ɗaya don a ji tsoro. Ya ce abin da ya fi shi ne a bar gari ya yi zaman makoki. Idan suka ji an riga an yi wa mutum addu'a, za su ga ba shi da amfani, su sake shi.

"Shi ya sa mijinki ya rame kamar busasshen kifi," in ji Bi Tumu.

"Goggo, don Allah. In kika faɗa aka kashe shi fa?"

A karo na farko a rayuwarta Bi Tumu ta fita daga wani gida da magana a baki ba ta zubar da ita a hanya ba. Ta wuce mai shayi, ta wuce matan da ke tsefe zaren kwakwa, suka kira ta, ta ɗaga musu hannu kawai. Ɗaya ta ce, "Yau Bi Tumu ciwon haƙori take." Ruwa ya janye. Ta ɗauki tsinkenta ta shiga fili, ta yi ta tafiya har muryoyin gari suka dushe.

Ta tsuguna a gaban wani tafki. Rana ta yi zafi, iska ta tsaya, komai ya yi fari. A cikin ruwan ta ga sama, a cikin saman ta ga wata gaɓa mai yashi da itacen ƙaya guda ɗaya, da maza zaune a inuwarsa sun haɗa kai da gwiwa. Ba barci take ba, ba kuma farke take sosai ba. Ta ce a ranta, ruwan da ya tashi daga nan yanzu yana can yana lasar ƙafarsu. Ta ga Kibwana ya sa yatsa a ciki kamar mai son ya ji daga ina ya fito. Ta tuna kakar uwarta a cikin kogo, da abin da goggonta take cewa, wai ba sarƙar ce ta fi damun tsohuwar ba, sanin da ta yi ne cewa can garinsu an riga an yi kukanta an share ido an ɗora tukunya. Sannan ta tuna maganar dillali, kuma ta san ba lallai ƙarya yake ba. Maƙaryaci ma yana faɗin gaskiya in ta yi masa daidai. Pweza ya fito daga rami ya bi ta kan ƙafarta ya wuce, ba ta soke shi ba. Da ruwa ya fara dawowa ta tashi, ta ƙudurta za ta yi shiru.

Washegari da hantsi gida ya cika. Maza suna waje a kan tabarmi tare da Malam Fumo, mata suna ciki. Uwar Masudi tana zaune a lungu, an haɗa addu'ar ɗanta da ta Kibwana. Riziki tana tsakiyar ɗaki, fuskarta a bushe. Ta daɗe da gama kuka. Bi Tumu ta kwance mata kitso layi bayan layi, ta zare awarwaron ta miƙa wa ƙanwar Riziki, ta yafa tsumma a kan madubi. Ta ɗauki farin zanen ta warware shi. Hannunta ya yi wannan aiki sau ba adadi, ya san hanya. Ya tsaya a sama.

"Ɗaura mana, Goggo," in ji Riziki. "Na gaji."

"Ba zan ɗaura ba."

"Me ya faru?"

"Mijinki yana da rai. Shi da Masudi. Suna hannun 'yan fashi. Mshenga ya ji muryarsa kafin azumi."

Ba a hankali ta faɗa ba, don ba ta da wata murya sai wadda ta saba. Maza na waje suka ji. Uwar Masudi ta miƙe tsaye ta sake zama. Mshenga ya faɗo ɗakin ko sallama babu, abin da namiji ba ya yi a irin wannan rana.

"Tsohuwar banza! Wa ya aike ki?"

"Ba wanda ya aike ni, ɗan nan. Jiya ma na yi niyyar yin shiru, ka tambayi teku."

"Kin kashe shi! Wallahi in suka taɓa shi, bakinki ne!"

"Mai yiwuwa. Amma ni ba na ɗaura wa matar mai rai farin zane. Ka nemo wata."

"An ce mu yi shiru su sake su!"

"Wa ya ce? Wanda ya sayar da su? Kai da ka san kifi, in ya zama ba shi da amfani, mai da shi ruwa ake yi ko bari ake ya ruɓe a rana?"

Malam Fumo ya tsaya a bakin ƙofa, carbi a hannu. Ya tambayi Mshenga ko da kunnensa ya ji. Mshenga ya ce da kunnensa, sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Malam ya ce to babu addu'ar mamaci, babu takaba, kowa ya tashi.

Wadda ba ta tashi ba Riziki ce. Ta dubi Bi Tumu, gashinta a barbaje, ta ce, "Kin san me kika yi mini? Na kusa taɓa ƙasa. Yau da na san ko ni wace ce. Kin mai da ni tsakiyar ruwa, ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba. Ke za ki je gida ki yi barci."

"Zan yi," in ji Bi Tumu. "Ke ma ki ci abinci."

Shinkafar sadaka ta riga ta dahu, mata sun riga sun taru, ba wanda ya san inda zai sa kansa. Bi Tumu ta ce su biyo ta. A da, kafin zuwan injuna, idan hazo ya rufe teku jirage suka makara, mata sukan tsaya a bakin ruwa su busa babbar katantanwa, su yi ta kiran mazajensu da suna, don a bi murya a gane gida. Tsofaffi kaɗai suka tuna. An samo katantanwar a gidan wani, ana tokare ƙofa da ita. Bi Tumu ta busa, sautin ya fito a shaƙe kamar saniya mai mura, yara suka fashe da dariya. Ta sake busawa ya fito. Ta fuskanci arewa ta kira Kibwana, ta kira Masudi. Uwar Masudi ta karɓa. Sauran suka karɓa a kunyace. Muryoyin suka bi kan ruwa suka tafi, ba su dawo ba.

Juma'a ta zagayo, bayan la'asar Bi Tumu ta sake fita da katantanwa. Haka ta mai da shi al'ada. Wasu ranaku su da yawa, wasu ranaku ita da uwar Masudi kaɗai da tsuntsayen bakin ruwa. Mata suka yi anko na kanga shuɗiya, irin yadda ake yi wa biki, aka daina tambayar bikin wa ake yi. Masu kwalekwalen Wasini suka ji, suka kai labari. Wata rana wata mata daga wani gidan rediyo a Mombasa ta zo da abin ɗaukar magana ta miƙa wa Bi Tumu, tana tsammanin za ta sha wahala kafin tsohuwar ta buɗe baki. Sai da batirinta ya mutu. Bi Tumu ta faɗi yadda aka karɓe takardu, da yadda jirgin ba ya zuwa gaɓa, da takalmin dillali, da lemon da ya ba Mshenga, ta haɗa da labarin auren wata maƙwabciyarta da ba shi da alaƙa da komai.

Bayan wannan mutane suka fara sauka daga motar haya suna tambayar gidan tsohuwa mai kira. Matan wasu ma'aikatan jirgin suka zo daga garuruwan gaɓa. Sai kuma wasu irin mutane da ba ta zata ba, iyayen 'yan mata da aka kai aikatau ƙasashen waje, aka ƙwace musu fasfo da waya, aka kulle su a gidajen da ba sa ganin titi. Wata uwa ta ce, "Tawa ba teku ta tafi ba, Bi Tumu, jirgin sama ta hau. Ko za a iya?" Bi Tumu ta ce, "Tana iya dawowa in ta so?" Matar ta ce a'a. "To tsaya nan ki kira ta." Kiran ya yi tsawo har yakan kai magariba. Duk wanda ya tsaya a gadar jirage a irin wannan lokaci yana ganinsu jere, shuɗi a kan farin yashi, inuwarsu ta miƙe cikin ruwa, sunaye suna tashi ɗaya bayan ɗaya kamar ana sakin tantabaru.

Masu kare haƙƙin ma'aikatan jirage suka shigo maganar. Su ne masu takardu da Turanci, su suka yi ta bin ofisoshi da ƙasashe. Suna ɗaukar Bi Tumu su kai ta Mombasa, ta zauna a kan benci cikin kangarta shuɗiya, ta yi gyangyaɗi, in aka tashe ta ta faɗi abin da ta faɗa jiya ba ragi. Dillali ya rufe shagonsa ya ɓace. Mshenga ya daina gaishe ta, amma shi ke biyan motar matarsa in za ta raka ta.

Riziki ta daɗe ba ta zo bakin ruwa ba. Da ta fara zuwa, nesa take tsayawa, ƙarƙashin bishiyar kuka, hannu a ƙirji. Wata Juma'a, bayan kowa ya gama, ta taho har ruwa ya taɓa idon sawunta, ta buɗe murya ta ce, "Kibwana! Kai mara kunya! Rufin ɗaki yana yoyo, ka dawo ka gyara!" Mata suka yi dariya har wasu suka zauna a yashi, suna dariya suna share ido. Riziki ba ta yi dariya ba. Ta juya ta wuce Bi Tumu ba ta kalle ta ba.

Cikin iskar kusi ta shekarar da ta biyo waya ta sake yin ƙara. Masudi ya mutu. Wasu suka ce ƙafafunsa ne suka kumbura saboda rashin abinci, wasu suka ce duka ne, bayan masu tsaronsu sun ji a rediyo ana kiransu. Har yau ba a tabbatar ba. A kasuwa mata suna yin shiru in Bi Tumu ta iso. Wani ya jefa mata mataccen kifi a ƙofa. Ba ta kare kanta ba. Ta je gidan uwar Masudi ta zauna a bakin murhu ta ce, "In ni ce, ni ce. Ba ni da yadda zan sani." Matar ta ci gaba da juya mahamri a mai. Can ta ce, "Da kin yi shiru, da na binne shi yana da rai. Yanzu na san ranar da ya mutu. Ban yafe miki ba, ban kuma riƙe ki ba. Miƙo mini tiren can." Juma'ar nan uwar Masudi ta fito bakin ruwa, ta kira Kibwana.

Iska ta sake juyawa, ta kuma juyawa. Yadda aka yi aka sako su magana ce ta masu takardu, Bi Tumu ba ta taɓa fahimtar ta sosai ba, duk da ta ba da labarinta iri uku. Abin da ta gani da idonta shi ne wata mota ta tsaya a bakin kasuwa da rana tsaka, wani mutum ya sauko, siriri, gemunsa da furfura, riga ta yi masa yawa. Ya tsaya a inda aka sauke shi. Gari ya taso da guɗa, shi yana tsaye, hannayensa a gefe, kamar mai jiran a gaya masa ta ina zai bi. Riziki ta ratsa mutane ta kama hannun rigarsa ta ja shi gida, tana yi masa faɗa tun daga kasuwa har ƙofa.

An yanka akuya, an ci, an watse. Sai aka ga abin da aka dawo da shi. Kibwana ba ya ɗaga kofi sai ya tambaya. In ƙishirwa ta kama shi, zai tsaya a gaban randa ya waiga ya ce wa duk wanda ke kusa, ko da 'yarsa ce, "In sha?" In zai zaga bayan gida sai ya tambaya. In zai zauna a tabarmar masallaci sai ya dubi Malam Fumo. Mutane kuwa don tausayi suna rige-rigen amsawa. "Sha mana, Kibwana." "Zauna, ɗan uwa, gidanku ne." Kowa yana ba shi izini da murya mai taushi, shi kuma yana sunkuyar da kai yana godiya.

Bi Tumu ta ga wannan wata safiya a wurin mai shayi. An ajiye masa shayi da mahamri a gabansa, tururi na tashi, ya zauna yana kallonsu har sai da mai shayin ya ce, "Bismillah, ci." Ta ajiye kwandonta. Ba ta fita pweza ba ranar, ko da yake ruwa ya janye sosai, filin yana ƙyalli har Wasini. Ta fara daga gidan Riziki.

"Me kuma, Goggo? Wane ne bai mutu ba yau?"

"Roƙo na zo yi."

"Ke? Roƙo?"

"In ya tambaye ki ya sha ruwa, kada ki amsa."

Riziki ta ajiye muciya. "In bar shi da ƙishirwa? Bayan abin da ya sha?"

"Ba ki hana shi ba. Ba ki ba shi ba. Ki yi kamar iska ce ta wuce."

"Zai tsaya a nan har yamma."

"Ya tsaya. Randar ba za ta gudu ba."

Daga nan ta je wurin Mshenga yana ɗinkin koma, ya ɗaga kai ya saurare ta, karo na farko tun ranar farin zane. Ta je wurin Malam Fumo, da mai shayi, da matan da ke tsefe zaren kwakwa, da direbobin babura da ke jira a bakin kasuwa, har yaran da ke tsalle daga gada zuwa ruwa ta tsayar da su. Ƙafarta na ciwo, tana tafe tana dafa bango, rana ta karkata tana bisa hanya. Kowa abu ɗaya ta gaya masa.

"In Kibwana ya nemi izininku, don Allah kada ku ba shi. Ba naku ba ne. Ku kau da kai, ku ci gaba da abin da kuke yi, ku bar shi tsaye har ya gaji ya ɗauka da kansa."